Rubutun Bahago a Kan Ambulan Ɗin Maganinta

SHAFI NA 19

Assalamu alaikum, masu bibiya. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allah da ta rantse za ta fice daga zauren idan wannan shafi bai fito yau ba. Ina neman afuwa. Sau uku na sake duba shi kafin in sake shi, domin maganar lafiya ba ta son gaggawa. Ga wanda ya shigo yau: mai ba da labarin shi ne Injiniya, mai aikin wutar lantarki. Shekararsa uku da auren Malama, Allah bai ba su haihuwa ba tukuna. A shafin baya ya janye durowar kaya domin ya gyara soket, sai ya tarar da wani abu da aka liƙa a bayanta da salatif.

*

Na jera su a kan teburin falo kamar yadda nake jera kayan aikina. Katin ƙwayoyi biyu, takardar bayani guda, da farin ambulan irin na kantin magani.

Sau huɗu na karanta takardar bayanin. Layin farko bai sauya ba: maganin hana ɗaukar ciki. Kati ɗaya an shanye shi tas. Na biyu kuwa saura ƙwaya biyar.

Sai dai ba ƙwayoyin ne suka fi ƙona mini rai ba. Rubutun da ke bayan ambulan ɗin ne. Haruffan sun kwanta ta baya, kamar ciyawar da iska ta bi ta kanta. Shekara biyu muka yi a benci ɗaya da mai wannan rubutun, na kwafi darasi daga littafinsa ya fi a ƙirga. Bahago ne, abokina mai kyamis, wanda ya riga ni neman Malama kafin ta zaɓe ni.

Ga abin da ya rubuta: “Ɗaya kullum, lokaci guda. Kada ki tsallake.” A ƙasa kuma, da ƙananan haruffa: “Ki daure.”

Ki daure. Ta daure da me? Da ni?

Zan faɗi wani abu a nan, domin in ban faɗa ba na ci amanar labarin. Da ƙarfe biyu da minti goma na ɗauki hoton katin na aika wa Yaya, babbar yayata, wadda ta haifi biyar kuma babu ƙwayar da ba ta sani ba. Na rubuta: “Yaya, wannan na mene ne?” Ta ce: “A ina ka samo?” Na ce: “A ɗakina.” Daga nan ba ta ƙara cewa komai ba, ni ma na kife wayar.

Ƙarfe huɗu saura kwata na ji makulli a ƙofa.

“Assalamu alaikum. Ikon Allah, Injiniya, yau kai ne a gida da rana tsaka? Ko wutar gari ce ta ƙare gaba ɗaya aka sallame ku?”

Ta shigo tana dariya, jakar makaranta a kafaɗa, littattafan yara a rungume. Sai idonta ya sauka a kan teburin. Dariyar ta tsaya a inda take.

Na ce, “Wa alaikumus salam. Zauna.”

“Ka janye durowar.”

“Soket nake gyarawa. Zauna, Malama.”

Ta ajiye littattafan a hankali, ta zauna a bakin kujera ba ta cire mayafi ba.

Na ce, “Tambaya uku zan yi miki. Na rubuta su don kada ɓacin rai ya sa in ƙara ta huɗu.”

“Har da rubutawa.”

“Ta farko. Wannan naki ne?”

“Nawa ne.”

“Ta biyu. Tun yaushe?”

“Wata biyu ke nan ba kwana biyar.”

Na dubi takardar da ke hannuna. Tambaya ta uku ita ce: me ya sa? Amma bakina ya ƙi bin takardar.

“Me ya haɗa ki da Bahago?”

Ta ɗago kai da sauri.

“Wannan ce ta ukun?”

“Ita ce yanzu.”

“To, ka ga inda hankalinka yake. Ka tsinci magani a ɗakin matarka, ba ka tambayi ko lafiyarta ƙalau ba. Rubutun abokinka ka fara gani.”

“Ba maganin ciwon kai na tsinta ba. Shekara uku ina tsayawa tsakaninki da maganganun mutane. Duk wanda ya tambaya, in ce lokaci ne bai yi ba. Ashe lokacin yana liƙe a bayan durowa, kuma wani ƙato ne yake ƙirga miki shi.”

“Injiniya, ka iya bakinka.”

“Na iya shi wata biyu, ai. Na ga kin daina sa sukari a shayi, na yi shiru. Na ga kin fara fita tattaki da sassafe kafin makaranta, na yi shiru. Na ga kin rage cin burodi, kina duba madubi, kina sake ɗinka kayanki. Na ce a raina mace ce, tana son gyara. Ban san wanda ake yi wa gyaran ba.”

Ta yi mini wani kallo da ban taɓa gani a fuskarta ba. Babu hawaye a ciki, babu tsoro.

“Ka gama?”

“Hanyar tattakin naki ta gaban kantinsa take bi. Na auna.”

“Ka auna.”

“Akwai hanyar da ta fi kusa zuwa filin da kike tattakin. Ba ita kike bi ba.”

“Saboda karnukan gidan kwanar can. Kai ma ka san su, sun taɓa yaga maka wando.”

Gaskiya ne, sun yaga.

Ta jawo jakarta, ta zazzage ta a kan kujera. Jan biro, alli, rajistar aji. Daga can ƙasa ta zaro wata koriyar jakar takardu, ta ajiye a kan teburin, daidai gefen ƙwayoyin.

“Tunda kana son karatu, ga karatu. Buɗe.”

Na buɗe. Katin asibiti ne da sunanta, takardun gwajin jini, sai wani baƙin hoto irin wanda ake ɗauka na cikin ciki. A jikin hoton akwai wasu ƙananan da'irori baƙaƙe, sun jeru a gefe kamar duwatsun sarƙar wuya. A ƙasan takardar likita ta rubuta haruffa huɗu, ta ja musu layi: PCOS.

“Mene ne wannan?”

“Sunan abin da yake damuna tun kafin ka san ni. Ni ma sai bana na san yana da suna.”

Ta ɗora yatsa a kan hoton.

“Nan ne inda ƙwan mace yake fitowa. Ga kowace mace, duk wata guda ɗaya yake nuna ya fita, sai al'ada ta biyo baya a kan lokacinta. Ni nawa sukan fara girma da yawa, sai su tsaya a hanya, babu wanda ya kai. Su ne waɗannan da kake gani. Likita ta ce sinadaran jikina ne ba su daidaita ba. Shi ya sa sai in yi wata uku, wata huɗu ban ga komai ba. Shi ya kawo ƙurajen nan, da ƙibar da ba ta jin magana, da baƙin da ke bayan wuyana wanda Yaya ta ce rashin cuɗawa ne.”

Yadda take bayanin, kamar tana gaban allo. Ni kuwa abu ɗaya kawai yake yawo a kaina.

“Shi ya yi miki wannan bayanin?”

“Innalillahi. Likita ce! Mace ce, a shekaru ma ta haife ni. Ga sa hannunta nan.”

“To, in ƙwan ne ba ya fita, me ya kawo maganin hana ciki? Wanda wuta ba ta zuwa gidansa ba ya sayen abin kashe ta.”

“Haka na ce mata ni ma. Har na tashi zan fita daga ofishinta.” Ta ja numfashi. “Ka tuna lokacin da ka tafi aikin sola na sati uku?”

“Na tuna.”

“Kafin ka tafi, wata huɗu ban ga al'ada ba. Kai kana ta murna, har ka fara duba gadon jarirai a waya, duk da gwaji uku sun nuna babu komai. Kwana biyu da tafiyarka jinin ya zo. Bai tsaya ba sai da ya kwana goma sha tara.”



“Goma sha tara?”

“Ina rubutu a allo sai in ga allon yana tafiya. Rannan na dafa bango na fita daga aji. A hanyar gida na tsaya a kyamis mafi kusa in sayi maganin ƙarin jini. Kantin wa ya fi kusa da makarantarmu, Injiniya? Tunda ka iya awo.”

Kantin Bahago ne, na sani. Ta ci gaba:

“Ya dubi idona ya ce ba zai sayar mini da komai ba sai na kawo takardar likita. Na yi masa faɗa, na ce ina ruwansa. Ya ce in na ga dama in je wani kantin, amma shi ba zai sa hannu a kashe matar abokinsa ba. Washegari na je asibiti. Likita ta ce barin mahaifa wata da watanni ba ta zubar da abin da ta tara ba yana da haɗari, shi ya sa da ya zo ya zo da yawa. Ta ce in sha waɗannan wata uku, jinin ya daidaita, jikina ya huta, in rage nauyi ko kaɗan ne. Bayan nan ta dakatar da su, mu shiga neman haihuwa da wani maganin daban. Ba hana ni haihuwa take yi ba. Hanya take gyarawa.”

Na sake duba takardar likitar. Abin da ta faɗa yana nan a rubuce, da kwanan wata, da hatimi. Duk yadda na so in sami kuskure, ban samu ba.

Ya kamata a ce sanyi na ji. Wallahi ban ji ba. Wani sabon ɗaci ne ya zo mini, ya fi na farko. Da zargi nake yi, yanzu kuwa tabbas na samu: ranar da matata ta dafa bango, ba ni ne na dubi idonta ba.

“Ya san kwana goma sha tara ɗin?”

“Ya sani.”

“Ya san sunan ciwon.”

“Takardar na kai masa, dole ya gani.”

“Ya san ranar da kika fara sha, ya san ranar da za ki gama. Ya san abin da ke cikin cikinki, har da hoto. Ni kuwa da nake kwana ɗaki ɗaya da ke, sai da soket ya lalace.”

“Haka ne.”

“Jiya muka kalli ƙwallo tare da shi! Ya miƙo mini ruwa, ya tambaye ni ya gida. Ya gida! Yana kallona yana sane da abin da ban sani ba a gidana.”

“Amana ya riƙe. Aikinsa ke nan.”

“Ki daure ɗin ma aikinsa ne? A wace makaranta ake koya musu rubuta ki daure a bayan ambulan?”

“Satin farko maganin yana tayar mini da zuciya, na ce zan daina. Shi ne ya rubuta.”

“Da hannunsa.”

“To da ƙafarsa zai rubuta?”

A wani lokacin da na yi dariya. Na miƙe na je bakin taga, na dawo.

“Me ya sa ba ni ba, Malama? Waya tana aiki a inda na je. Kullum muna magana.”

“Kullum muna magana. Me kake fara tambaya?”



Ta tashi ta shiga ɗaki. Na ji ƙarar ƙusa, sai ga ta da kalandar da ke rataye a gefen gadonmu. Ta shimfiɗa ta a kan teburin. Duk wata akwai da'irar da na yi da jan biro, da ƙananan lambobin da nake rubutawa a gefe: kwana talatin da takwas, kwana sittin da ɗaya, kwana casa'in.

“Wannan rubutun wa?”

“Nawa ne. Don in taimaka nake yi.”

“Na sani. Shi ya sa ban taɓa cire ta ba. Amma ka san yadda nake ji in ka tsaya a gabanta da biro? Kamar mitar da kake zuwa karantawa gidajen mutane. Ka duba lamba, ka rubuta, ka tafi. In jinin ya yi jinkiri, sai ka shigo da abin gwaji a aljihu, fuskarka kamar an yi maka albishir. In na fito daga banɗaki na girgiza kai, sai ka ce babu komai, Allah ya sa haka ya fi alheri, sannan ka kwana biyu ba ka cin abincin kirki. Ni ce nake kashe maka fuska duk wata, Injiniya. Ta yaya zan kira ka in ce maka ba jinkiri ba ne, ciwo ne, kuma likita ta ce ba a warkewa gaba ɗaya, sai dai a iya zama da shi?”

Sannan ta ƙara da cewa:

“Kuma ka tuna ranar da ka same ni a gaban madubi ina cire gashin haɓata?”

Na tuna. Na so a ce ban tuna ba.

“Me ka ce?”

“Wasa nake yi.”

“Me ka ce?”

“Na ce za ki riga ni tara gemu.”

“Ka kuma maimaita a gidanku, a gaban Umma, kowa ya yi dariya, har da ni. Shi ma gashin ciwon ne ya kawo shi. Daga ranar na koma cirewa a banɗakin makaranta.”

 Na zauna. Na miƙa hannu zan taɓa nata, sai wayarta ta yi ƙara a kan kujera, fuskar ta haska. Daga inda nake na ga sunan da ta sa masa: Mai Kyamis.

Hannuna ya tsaya a hanya.

Ta dubi wayar, ta dube ni, sai ta turo mini ita.

“Karanta. Da ƙarfi.”

Na karanta: “Malama, kin faɗa masa kuwa? Alhamis ta kusa. Wallahi nauyin abin nan ya ishe ni, jiya na kasa haɗa ido da shi. Ki faɗa masa. Duk cikinmu babu wanda ya kai shi kula da abu, in ya sani ba za ki ƙara tsallake ko ƙwaya ɗaya ba.”

Na ajiye wayar. Ban san wanne ya fi ciwo ba, a ce ya ci amanata, ko a ce shi ne yake roƙa mini alfarma a wurin matata.

“Yanzu har shi ne yake ba da shaida a kaina.”

“Kai dai ba za a taɓa burge ka ba.”

“Mene ne ranar Alhamis?”

Ta sunkuyar da kai, ta fara daidaita gefen kalandar da yatsa.

“Likita ta ce kafin ta sa ni a maganin neman haihuwa, sai ta ga mijina. Ta ce ba a duba mace ita kaɗai. Kai ma akwai gwajin da za a yi maka.”

“Ni?”

“Kai.”

“Shi ma ya san wannan?”

“Injiniya!”

“Tambaya ce.”

“Ya sani. Na tambaye shi yadda zan faɗa maka ba tare da ka ɗauka zagi ba ne. Ya ce in kawo maka takarda, kai mutumin takarda ne.”

Ga takardar kuwa a gabana. Ya san ni sarai, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan.

Na daɗe ina kallon baƙin hoton. Sannan na ce, “Ƙarfe nawa?”

Ta ɗago.

“Tara na safe.”

“Za mu fita bakwai da rabi, saboda layi. Kuma daga yau ni zan riƙa karɓo maganin. A wani kantin.”

“Kishin dai yana nan.”

“Yana nan. Ban ce ya tafi ba.”

Ta yi wata 'yar dariya, hawayen da ta riƙe tun ɗazu suka zubo tare da ita. Ta goge da gefen mayafi, ta matso, ta kama hannuna da hannu biyu.

“Na yarda. Ka canja kanti, ka canja hanya, in ka so ka raka ni tattakin ka kori karnukan. Abu ɗaya kawai nake roƙo.”

“Faɗi.”

“Kada kowa ya ji. Musamman Umma da Yaya. Ka san su, ba za su tsaya karanta takarda ba. Kalmar hana ciki kawai za su ji, shi ke nan na zama wadda ta hana ɗansu haihuwa, kuma har in mutu ba zan wanke kaina ba. Ka bar ni in faɗa da bakina, ranar da na shirya. Wannan kaɗai. Ka yi mini alkawari.”

Wayata tana kife a kan hannun kujera. Tun ƙarfe biyu da minti goma ban taɓa ta ba.

“Injiniya? Ka yi shiru.”

Na buɗe baki. A daidai lokacin na ji an rufe ƙofar mota a waje, sau biyu. Sai takun takalma a kan matakala, ɗaya mai sauri, ɗaya mai jan ƙafa. Na san masu takun nan tun ina yaro.

Aka buga ƙofa da tafin hannu.

“Buɗe!” Muryar Yaya ce. “Mun san kana ciki. Ga Umma nan, da ciwon ƙafarta na taso ta.”

Sai muryar Umma, a hankali, wadda ta fi ihun tsoratar da ni:

“Ita ma tana nan? Madalla. A fito mini da ƙwayoyin in gani da idona.”

Malama ta saki hannuna. Ba ta yi sauri ba, yatsa ɗaya bayan ɗaya ta janye. Ta dubi katin da ke kan teburin, ta dubi wayata, sannan ta dube ni.

“Wata biyu Bahago yana riƙe da maganar nan,” in ji ta, da muryar da ni kaɗai zan ji. “Kai awa nawa ka yi?”

Aka sake buga ƙofar.

Ta tattara takardun asibitin, ta mayar cikin koriyar jakar, ta ɗora mini a hannu.

“Kai ka kira su, kai za ka buɗe. Ni ba zan ce uffan ba. Kalmar da ka fara faɗa musu ita za ta gaya mini ko ranar Alhamis da miji zan je.”

Ta koma ta zauna, ta gyara mayafinta.

Na taka zuwa ƙofar. Jakar tana hannuna na hagu, na ɗora na dama a kan makulli.

Na murɗa.